Roosevelt ya yi ƙoƙari, amma wa ya riƙe lis ɗin?

Duk sanda hira ta zo kan tsadar rayuwa a majalisarmu ta bayan la'asar sai wani ya kawo zancen Amurka, ya ce ai su ma sun taɓa shiga masifar da ta fi tamu kuma shugaba ɗaya ne, Roosevelt, ya tsamo su, dan haka mu ma shugaba nagari ɗaya kawai muke jira. Ni ina cikin masu ganin girman mutumin nan, na kuma ɗau lokaci ina bibiyar abun da ya faru daga 1929 zuwa 1945, amma wallahi duk sanda na ji an ba da labarin a haka sai in ji an yanke masa rabi. Rabin da ake yankewa kuwa shi ne ya fi shafar talaka irin namu, wato wa aka rubuta a cikin dokokin nan, wa aka tsallake, kuma a hannun wa aka bar takardar sunayen.

Masifar kam masifa ce, kar ma a rage ta. Kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe a watan Oktoba 1929, kafin 1933 ta ƙare bankuna wajen 9,000 sun rufe da kuɗin mutane a ciki, ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aikin yi, kuma a lokacin babu fanshon tsofaffi na ƙasa baki ɗaya babu tallafin rashin aiki, in aikinka ya tafi shikenan sai layin miya da burodi ko ɗan uwa in yana da shi. Mutane suka kakkafa unguwannin kwali da tsohon kwano a bayan gari suna kiran su da sunan shugaban lokacin, Hoover, saboda tsabar haushi. Mu nan ma ai guguwar ta same mu, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas alhali haraji sai da tsabar kuɗi ake karɓa, kakana har ya koma ga Allah in ya zo kan labarin shekarun da aka riƙa sai da akuya da zannuwan mata dan a biya haraji sai ka ji muryarsa ta canza.

Abun da ya fi tsaya min a rai a zamanin Hoover shi ne na 'yan mazan jiyan yaƙin duniya na ɗaya. An yi musu alƙawarin wani kuɗi amma wai sai 1945 za a biya, yunwa ta sa dubbansu suka taho Washintan a 1932 wasu har da mata da yara suka yada zango suna roƙon a ba su yanzu tunda yanzun ne suke buƙata. A ƙarshen watan Yuli aka turo musu soja ƙarƙashin Janar MacArthur da dawakai da tankoki da barkonon tsohuwa, aka cinna wa bukkokinsu wuta. Wata uku da 'yan kwanaki bayan nan Hoover ya sha mummunan kaye a zaɓe a hannun Roosevelt.

To ga inda nake jinjina wa Roosevelt. An rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1933, ranar 6 ya rufe duka bankunan ƙasar, ranar 9 majalisa ta zartar da dokar gaggawa ta bankuna a yini ɗaya, ranar Lahadi 12 ga wata da daddare ya hau rediyo ya yi wa mutane bayani dalla-dalla kamar yana hira da maƙocinsa, ya ce musu kuɗin da kuke kai wa banki ba a akwati ake kulle shi ba juya shi ake, shi ya sa in kowa ya zo karɓa rana ɗaya ba zai isa ba, za mu duba bankunan mu buɗe masu lafiya kuma ajiya a bankin da aka buɗe ta fi ajiya a ƙarƙashin katifa aminci. Washegari aka fara buɗewa, mutane suka dawo da kuɗin da suka kwashe. Kaga shugaban da ya ɗauki talaka a matsayin mai hankalin da za a yi wa bayani ya gane. Bai tsaya a magana ba kuma, a shekarar aka kafa hukumar inshorar ajiya FDIC wadda daga farkon 1934 ta ɗau alhakin ajiyar mutum har dala 2,500 ko da bankin ya mutu. Mu a Najeriya sai 1988 aka kafa irinta.

Sai shirin CCC na matasa wanda ni ya fi burge ni. Saurayi mara aiki za a kai shi daji ya zauna a sansani, a ba shi ci da sha da tufafi da dala 30 a wata, amma dala 25 kai tsaye gidansu ake aika ta, 5 ce tasa. Ka duba hikimar, uwa a gida tana ganin kuɗi duk wata, mai kanti a unguwa yana ciniki, shi kuma yaron ya koyi tashi da asuba da riƙe gatari. Matasa wajen miliyan 3 suka bi ta cikinsa kafin a rufe shi a 1942, suka dasa itatuwa wajen biliyan 3. A shekarun nan ne kuma fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin Oklahoma da Kansas da Texas har rana tsaka gari ya yi duhu, gwamnati ta dasa jerin itatuwan kare iska sama da miliyan 200 daga iyakar Kanada zuwa Texas, duk wanda ya ga yadda rairayi ke binne gona a arewacin Yobe ko Damagaram ya san darajar wannan aikin. Akwai WPA da ta ɗauki mutum sama da miliyan 8 aikin tituna da makarantu da gadoji, akwai shirin kai lantarki ƙauye a lokacin da gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta. Duk wannan shi ake kira New Deal, ma'ana kamar a tattara karta a sake sabon rabo.

Amma babban abun shi ne dokar fansho da tallafi ta Agusta 1935 wadda ministar ƙwadago Frances Perkins ta tsaya a kai, mace ta farko da ta zama minista a ƙasar. A farkonta ana cire kashi ɗaya cikin ɗari a albashinka, mai kamfani ya ƙara kashi ɗaya, in ka tsufa a biya ka. Da gangan aka tsara ta haka dan kuɗin ya zama haƙƙinka da ka tara da guminka, ba sai ka durƙusa wa kansila ko ka yi wa wani kirari ba. Har yau dokar na aiki, shekara casa'in kenan.

Yanzu ga rabin da ba a faɗa. Dokar nan ta 1935 ta ce ban da 'yan ƙwadagon gona, ban da 'yan aikatau na gidaje. A takarda babu inda aka rubuta baƙi ko fari, amma kowa ya san su waye ke tsinkar auduga a Mississippi da Georgia kuma su waye ke wanki da reno a gidajen fararen fata, wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙaƙen fata da jimla ɗaya aka fitar da su. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1935 ita ma ta tsallake su, dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 da ta sa santi 25 a awa ta kuma hana bautar da yara a masana'antu ita ma ta tsallake su. Akwai masana da ke cewa dalilin na aikin ofis ne, wai ma'aikatar kuɗi ce ta ce da wuya a tara gudunmawa daga mai aikin gona da ke yawo daga wannan gona zuwa waccan, kuma gaskiya ne an faɗi haka a lokacin, gaskiya ne kuma fararen fata talakawa masu yawa su ma abun ya shafe su. Amma ni dai ban yarda wahalar lissafi kaɗai ce ba, saboda manyan kwamitocin majalisa a hannun 'yan jam'iyyar Roosevelt ta Democrat na jihohin kudu suke, mutanen da arzikinsu ya ginu a kan arhar gumin baƙar fata, kuma su ne suka dage cewa tallafin tsofaffi da marayu jihohi ne za su yanke nawa za a bayar da wa za a ba. Roosevelt yana buƙatar ƙuri'unsu, ya ba su abun da suke so. Haka ya ƙi fitowa ya goyi bayan ƙudurin hana kisan gilla da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe su rataye su a bishiya, dan kar ya ɓata da sanatocin nan. Sai a 1950 da 1954 aka shigar da masu aikin gona da 'yan aikatau cikin fanshon, dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta tarayya kuwa har gobe ba ta haɗa da su ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne shirin noma na AAA. Farashin amfanin gona ya faɗi, sai gwamnati ta ce za ta biya manomi ya rage noma dan farashi ya tashi. A 1933 aka bi eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta fito aka kife ta da garma, aka yanka aladu wajen miliyan 6 alhali mutane na layin abinci a birane. To a kudu mai gona daban mai noma daban, yawancin masu noman kashi-mu-raba suke yi, mai ƙasa ya ba ka fili da iri da bashin abinci daga kantinsa, kaka ta yi a raba, shi ke riƙe da littafin bashi shi ke riƙe da sikeli. Cak ɗin gwamnati hannun mai ƙasa yake zuwa, doka ta ce ya ba manomansa kasonsu, amma kwamitin gundumar da zai duba ko ya bayar shi da abokansa ne a ciki. Da yawa suka ga ai tunda an rage noma ba sa buƙatar iyalai da yawa a gonar, suka kore su, suka sai tarakta da kuɗin tallafin. Lauyoyin ma'aikatar gona da suka yi yunƙurin fassara dokar yadda za ta hana korar, su aka sallama daga aiki a farkon 1935. A watan Janairun 1939 cikin tsananin sanyi iyalai sama da mutum dubu a kudu maso gabashin Missouri, baƙaƙe da wasu fararen, suka kwaso katifu da tukwane da kaji da jarirai suka zube a gefen babban titi dan duk mai wucewa ya gansu, wani mai wa'azi Owen Whitfield wanda shi ma manomi ne ya jagorance su. Hukumomin jihar suka ce zamansu barazana ne ga lafiyar jama'a suka kwashe su zuwa inda ido ba zai gansu ba.

Ina karanta wannan ina tuna wata rana a unguwarmu da aka zo rabon tallafin shinkafa a filin firamare. Akwai wata dattijuwa da ke wankau a gidaje, mijinta ya rasu tana riƙe da jikoki uku, tun bayan asuba ta shimfiɗa ɗan buhunta ta zauna a layi. Da aka zo kanta wajen azahar yaron da ke riƙe da takardar ya bi da yatsa har ƙasa ya ce Iya sunanki ba ya ciki. Ta ce ɗan nan sake dubawa dai, an zo har gida an rubuta ni. Ya sake dubawa ya ce Iya ki yi haƙuri ni ma ba ni aka yi in karanta. Ta naɗe buhun ta sa a hammata ta ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta juya. Ina tsaye na ga an loda buhu shida a bayan wata mota ta mutumin da duk unguwa an san ba ya kwana da yunwa. Shinkafar ta zo, kuɗin an fitar, a rahoto za a rubuta an raba, kuma ba ƙarya aka yi ba an raba ɗin.

Haka aka yi da gidaje a Amurka. Hukumomin lamunin gida da aka kafa a 1933 da 1934 sun ceci iyalai masu ɗimbin yawa daga rasa muhalli kuma su suka sa ma'aikaci ya iya mallakar gida ya biya a hankali cikin shekaru, amma an zana taswirar birane an shafa ja a unguwannin baƙaƙe an ce nan haɗari ne ba da rance. Gida shi ne gadon talaka, wanda aka hana gida a 1938 jikansa na ji a jikinsa yau.

Wani abun da 'yan majalisarmu ta bayan la'asar ba sa so in faɗa shi ne New Deal ba ta kashe rashin aiki ba. A 1937 Roosevelt ya ga abubuwa sun ɗan farfaɗo ya rage kashe kuɗi dan ya daidaita kasafi, nan take tattalin arziki ya sake zubewa rashin aiki ya koma wajen kashi 19. Yaƙin duniya na biyu ne ya share shi. Kuɗin da aka yi shekara goma ana cewa babu su dan a ciyar da mutane, da aka zo ƙera jirage da tankoki sai ga su kamar ruwa. A Maris 1941 aka yi dokar ba Ingila da ƙawayenta makamai aro, kuma mu ma hanyar ta bi ta kanmu, jiragen yaƙi daga Takoradi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy wato Njamena ta yau suke bi zuwa Khartum da Alƙahira, kamfanin Pan American ma ya shigo aikin hanyar a shekarar. Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, zuwa 1944 rashin aiki ya sauko ƙasa da kashi 2, mata miliyoyi sun shiga masana'antu, harajin manyan masu kuɗi a matakin ƙarshe ya kai kashi 94.

Kuma a yaƙin ne gwamnatin ta nuna in ta ga dama tana iya rubuta kowa. Da aka fara rashan ɗin sukari a Mayu 1942 makarantun firamare aka buɗe malamai suka zauna suka yi wa iyalai rijista, kowane rai da littafinsa na kati har jariri, rabin laba a sati, attajiri da mai shara kason ɗaya. An yi kasuwar bayan fage ba a ce ba a yi ba, amma babu wanda ya ce 'yar aikatau ko mai tsinkar auduga da wuyar rubutawa suke. A 'yan kwanaki aka gama. Shi ya sa hujjar 1935 ta wahalar lissafi ba ta shiga kaina.

Baƙaƙen fata dai ba zama suka yi suna jira ba. Masana'antun makamai na ɗaukan ma'aikata amma a ƙofa ana mayar da baƙi, sai A. Philip Randolph shugaban ƙungiyar ma'aikatan taragon kwana na jirgin ƙasa ya ce zai kawo baƙaƙe 100,000 Washintan ranar 1 ga Yuli 1941. Roosevelt ya kira shi fadar White House ya lallashe shi ya janye, ya ce ba zai janye ba sai da takarda a hannu. Ranar 25 ga Yuni aka sa hannu a umarni mai lamba 8802 da ya hana wariya a masana'antun tsaro, sannan ya janye tattakin. Shugaban da ake so ɗin nan fa, wanda baƙaƙe suka bar jam'iyyar Republican ta Lincoln, shugaban da ya 'yanta bayi, suka zaɓa a 1936, shi ma sai da aka matse shi. Rundunar soja kuwa a rabe ta yi yaƙin gaba ɗaya, sai 1948 shugaba Truman da ya gaji Roosevelt ya ba da umarnin haɗe ta. Da aka yi dokar 1944 ta saka wa sojojin da suka dawo da kuɗin karatu da lamunin gida da jari, doka mai kyau matuƙa, sai ɗan majalisa John Rankin na Mississippi ya tabbatar aiwatarwa ta bi ta hannun bankuna da jami'o'i da ofisoshin gari. Wani bincike a 1947 a biranen Mississippi ya gano cikin lamuni sama da 3,000 da aka ba 'yan mazan jiya, biyu kacal suka je hannun baƙar fata, mutanen da suka sa kaki iri ɗaya suka tsallaka teku ɗaya.

Na bar na Japanawa a ƙarshe saboda su nasu lis ɗin na kamu ne. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan daga Kalifoniya da Oregon da jihar Washintan, kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne 'yan ƙasa, babu tuhuma babu shari'a. Ana manna sanarwa a jikin falwaya a ba ka kwanaki kaɗan, abun da hannunka zai iya ɗauka kawai za ka tafi da shi, mai gona da mai kanti da mai jirgin kamun kifi suka karyar da dukiyar shekara talatin a wulaƙance, aka ɗaura wa kowa ɗan kwali mai lambar iyali a jikin riga har ƙananan yara. Wasu a filin sukuwa na Santa Anita aka fara ajiye su cikin bargar dawakai da aka yi wa farar ƙasa a gurguje warin kashin doki na tashi, daga nan aka rarraba su sansanoni goma masu waya mai ƙaya da hasumiyar masu gadi, irin su Manzanar da Heart Mountain. An ce dan tsaro ne. Amma a Hawaii inda aka kai harin, inda Japanawa suka fi kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ba a kwashe su gaba ɗaya ba saboda in an kwashe su gonakin rake da tashar jiragen ruwa za su tsaya. Ministan shari'ar Roosevelt da kansa bai so abun ba, amma aka yi. Samarinsu kuma daga cikin sansanonin aka ɗebi wasu suka je suka yi yaƙi a Italiya da Faransa a runduna ta 442 iyayensu na bayan waya. Wani matashi Fred Korematsu ya ƙi tafiya aka kama shi, shari'arsa ta kai kotun ƙoli, a Disamba 1944 alƙalai shida cikin tara suka ce gwamnati ta yi daidai.

Sai a farkon shekarun 1980 kwamitin da majalisa ta kafa ya ce babu wata larurar soja a ciki, ƙabilanci ne da ruɗun yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 shugaba Reagan ya sa hannu a dokar ba da haƙuri da diyyar dala 20,000 ga kowane mutum, amma ga wanda ke raye kawai, dubbai sun riga sun mutu. A watan Oktoba 1990 aka fara biya daga kan mafi tsufa, aka turo su a keken guragu zuwa ma'aikatar shari'a a Washintan, ministan shari'a ya durƙusa a gabansu yana miƙa musu cak ɗin da wasiƙar ban haƙuri, na farkon wani dattijo ne mai shekara 107.